Harajin mai ko kuɗin hayaƙi? Mu tsayar da suna ɗaya

1/ Salamu alaikum, 'yan uwa masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo. Kwana uku ke nan ina kokawa da kalmar Turancin nan, "carbon tax". Na ji an ce harajin mai, na ji harajin kabon, na ji harajin gurɓata muhalli. Mai sauraro a Funtuwa ko Maraɗi zai zaci abubuwa uku ne daban. Ina da shawara, amma bari mu fara sanin abin da za mu raɗa wa suna.

2/ Duk litar fetur da ta ƙone tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.3, ta dizal kuwa kusan kilo 2.7. Sai gwamnati ta yanka farashi a kan kowane tan ɗaya na wannan iska, ta ɗora shi a kan kuɗin mai. Finland ce ta fara a 1990, Suwidin ta biyo baya a 1991 da krona 250 kan kowane tan. A gidan mai ake biya, amma abin da ake aunawa shi ne wanda ke fita ta salansa.

3/ Shi ya sa "harajin mai" bai kwanta mini ba. Gwamnatoci sun daɗe suna karɓar haraji a kan mai don gyaran hanya ko cika baitulmali, babu ruwansu da iska. In muka haɗa su a suna ɗaya, talaka ba zai san wanne aka yi masa alkawarin zai tsabtace iskar da yake shaƙa ba.

4/ "Harajin kabon" kuma, duk wanda ya yi aikin akawu a zamanin tafireta, da ya ji kabon takardar nan mai shuɗi da ake sakawa a tsakanin rasit zai tuna.

5/ Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya rubuto mini cewa a ce "tarar hayaƙi". Allah ya ƙara girma, Baba, rabin shawararka na ɗauka. Tara ce ta tsaya mini a wuya. Ana cin mutum tara ne in ya yi laifi, shi kuwa ɗan acaɓa da ya sha mai ya fita neman abincin iyali bai karya dokar kowa ba. Wata 'yar uwa kuma ta kawo "diyya". Yaya, diyya wanda aka cuta ake miƙa wa a hannu, wannan kuwa asusun gwamnati yake shiga.

6/ Ga inda hankalina ya tsaya. Kafin zuwan Turawa, a ƙasar Kano akwai kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi da masu noman rani ke biya, akwai kuɗin karofi a kan marina. Kowanne an kira shi da sunan abin da ake ƙirgawa. Kuɗin karofi ya fi burge ni: mai ramukan rini da yawa ya biya da yawa, mai kaɗan ya biya kaɗan. Tsarin ke nan sak da na wannan sabon abu. Don haka na ce mu kira shi KUƊIN HAYAƘI. Ita kalmar haraji tana da nauyi a kunnen mutanenmu, mun san irin murnar da aka yi lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979. Duk abin da aka liƙa wa wannan suna, an toshe kunne tun kafin a ji bayani.

7/ Wani malamin kimiyya ya ja ni da cewa iskar kabon ba ta da launi ba ta da wari, hayaƙi kuwa ana ganinsa. Gaskiyarka, Malam. Sai dai wuta ɗaya ce ke haifar da su biyun, kuma gidajen rediyonmu sun riga sun saba mana da "hayaƙi mai ɗumama yanayi". A aji a koyar da bambancin, a kasuwa kuwa hayaƙi ya isar da saƙo.

8/ Babban dalilina ma bai tsaya ga daɗin faɗa ba. Sunan yana ba mutum damar tambaya: na biya kuɗin hayaƙi, to hayaƙin ya ragu? Amsar kuwa ta danganta da ko an buɗe wa jama'a wata ƙofa. A Suwidin ya yi aiki, hayaƙin ƙasar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu tun 1990 alhali tattalin arzikinta na bunƙasa, musamman saboda gidaje sun daina ɗumama ɗakuna da mai, sun koma bututun ruwan zafi na gari da na'urorin lantarki. A Faransa kuwa mutanen karkara ba su da jirgin ƙasa ko bas a ƙofar gida, sai motar dizal. Masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna daga 17 ga Nuwamba 2018 don adawa da ƙarin wannan kuɗi a kan mai, kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Macron ta janye ƙarin.

9/ Gana ta gwada nata a Fabrairun 2024, aka sa wa babur da keke mai ƙafa uku sidi 75 a shekara. Wanda ya wuni yana yawo da wanda ya jingine babur ɗinsa kuɗinsu ɗaya. Wannan kuɗin abin hawa ne, bai cancanci sunan da nake ba da shawara ba. An soke shi a 2025.

10/ Mu a Najeriya abin da muka gani cire tallafi ne, ranar 29 ga Mayu 2023, ba kuɗin hayaƙi ba, kada mu cakuɗa su a fassara. Amma ya nuna mana abin da tsada ke yi. Wasu sun ajiye mota, masu hali sun kafa sola. Mai aski da mai walda suna nan suna ɗura wa janareta mai, tunda babu wuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidajen da tsadar kananzir da gas ta mayar da su kan gawayi da itace. Hayaƙin ya bar titi ya shiga madafa, mata da yaran da ke goye su ke shaƙarsa, dazuzzukanmu kuma suna tafiya a buhu. Ranar da aka kawo mana irin wannan doka, ina so matar nan mai hura wuta ta ji sunanta ta gane cewa da ita ake.

11/ Ga yadda zan yi amfani da su daga yau. Haraji na gama-gari a kan lita: harajin mai. Wanda aka auna da tan na iskar kabon: kuɗin hayaƙi. Misali: "Afirka ta Kudu ta fara karɓar kuɗin hayaƙi a Yunin 2019, rand 120 kan kowane tan." 'Yan uwa na Damagaram da Yamai, ku karanta jimlar nan da ƙarfi ku faɗa mini ko ta zauna a bakinku, domin gobe da safe zan miƙa fassarar.