Muhawara: Shin Crass ce ta cika alkawarin da kiɗan punk ya ɗauka?

Tsohon ɗan rediyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Maganar da na yi jiya a gurguje, wadda wasu suka ce na cika ta da gishiri, ita zan shimfiɗa yau. Cewa na yi a cikin ƙungiyoyin kiɗan punk, wato kiɗan gita mai hayaniya na matasa masu bore, da suka taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, Crass ce kaɗai ta aikata abin da sauran suka tsaya faɗa da fatar baki. Sex Pistols sun cika gari da kirarin rushe mulki, amma cikin watanni ƙalilan suka ratsa kamfanonin faifai uku, wato EMI da A&M da Virgin, sannan suka watse a watan Janairun 1978. The Clash kuwa sun sa hannu da babban kamfanin CBS a 1977 a kan fam 100,000. Ita Crass, wadda Penny Rimbaud mai ganga da Steve Ignorant mai rera waƙa suka kafa a 1977 a wani gidan ƙauye mai suna Dial House kusa da Epping, har ta rabu a 1984 ba ta taɓa shiga aljihun babban kamfani ba.

Malamar tarihi: Wa alaikumus salam, Baba. Shekarun da ka kawo daidai suke, sai dai hukuncin da ka gina a kansu yana buƙatar a duba shi. Faifansu na farko, The Feeding of the 5000, na 1978, ai ba su suka fitar da shi da kansu ba, ƙaramin kamfanin Small Wonder ne ya fitar. Abin da ya tura su kafa Crass Records kuwa tilas ce: ma'aikatan masana'antar da ke buga faifan a Ireland sun ƙi taɓa waƙar farko saboda ɓatancin addini da ke cikinta, aka cire ta, aka bar shiru na kusan minti biyu a gurbinta da sunan "sautin 'yancin magana". Sai bayan an rufe musu wannan ƙofa suka gina tasu. Wanda ruwa ya kora zuwa tudu, bai kamata a yi masa kirarin gwanin hawan dutse ba.

Tsohon ɗan rediyo: 'Yata, na yarda tilas ce ta fara tura su, amma abin dubawa shi ne me suka yi da tudun bayan sun hau. Lokacin da nake kwas a Ingila na sayi kundinsu na biyu, Stations of the Crass na 1979, a wani shagon tsofaffin faifai. Yana nan wurina har yau. Jakarsa takarda ce baƙa da fara wadda idan ka warware ta sai ta zama babban hoton manna wa bango, aikin mai zanen ƙungiyar, Gee Vaucher, kuma a jikinta an buga gargaɗi cewa kada mai saye ya biya fiye da fam 3, alhali faifai biyu ne a ciki. Mai shagon ya caje ni ninkin wannan kuɗi sau da yawa, na nuna masa rubutun, ya yi dariya ya ce ai wancan farashin zamanin Firaminista Thatcher ne. Duk da haka ku lura da ma'anar abin: mawaƙi ya ɗaure hannun ɗan kasuwa tun daga masana'anta, domin yaron da ba shi da aikin yi ya iya saye. Wannan ita ce aƙidarsu ta ƙin mulki da ƙin cin riba, an sauko da ita daga baki zuwa aljihu.

Mai shagon kaset: Alhaji, a matsayina na wanda ya ci abinci da wannan sana'a shekaru da dama, dole in ce ba Crass kaɗai ta yi faɗa a kan farashi ba. The Clash da kake zargi sun matsa wa CBS har aka sayar da London Calling, mai faifai biyu, a farashi mai sauƙi a 1979, kuma a 1980 suka haƙura da wani kaso na kuɗinsu domin kundinsu mai faifai uku ya isa hannun talaka. Wanda ya shiga gidan babban kamfani ya ƙwato wa masu saurare rangwame, shi ma ya yi wani abu, kuma muryarsa ta kai inda ta Crass ba ta kai ba.

Malamar tarihi: Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Rimbaud ɗan masu hali ne da ya yi makarantar kuɗi, an haife shi a 1943, ya girmi Steve Ignorant da shekara 14, kuma tun 1967 yake zaune a Dial House inda ake noma abinci a bayan gida ana zaman taron dangi. Suna kuma da John Loder, abokinsu mai ɗakin ɗaukar sauti na Southern Studios. Mutanen da kuɗin hayarsu kaɗan ne, ga lambu, ga aboki mai na'ura, sun fi sauƙin cewa ba sa son kuɗin kamfani a kan yaran da suka taso a gidajen gwamnati na Landan.

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya, zan sa baki. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne waccan waƙar da aka cire, wadda suka sake ɗauka suka fitar da kansu a 1979 da sunan Reality Asylum, har 'yan sandan Landan suka bincike su a kanta. Cin mutunci ce ga Annabi Isa, alaihis salam. Ko da an ce da cocin Ingila da yadda masu mulki ke fakewa da addini suke faɗa, ni ba zan iya kiran wannan cika alkawari ba, kuma ina ganin ma'aikatan da suka ƙi buga ta su ma 'yancinsu suka yi amfani da shi.

Tsohon ɗan rediyo: Ɗana, ban kare waccan waƙa ba, ba kuma zan kare ta ba, kuma maganarka a kan ma'aikatan tana da nauyi. Abin da nake aunawa shi ne ko aikin mutum ya dace da abin da ya faɗa, ko da abin da ya faɗa ɗin bai yi mini ba. A nan ne nake amsa wa Malama. Gaskiya ne suna da gata, amma ina suka kai gatan? Kuɗin faifan Bloody Revolutions da suka yi tare da ƙungiyar Poison Girls a 1980 ya tafi wajen buɗe cibiyar masu aƙidarsu a unguwar Wapping. Kamfaninsu ya fitar da ƙananan ƙungiyoyi irin su Zounds da Flux of Pink Indians da Conflict, har da KUKL ta ƙasar Iceland wadda mawaƙiya Björk ke ciki tun duniya ba ta san ta ba. Kundinsu na uku, na 1981, muryoyin mata ne kaɗai a cikinsa, Eve Libertine da Joy De Vivre, a daidai lokacin da dandalin punk ya zama fagen samari masu ji da ƙarfi. Wasansu na ƙarshe ma, a watan Yulin 1984 a garin Aberdare na yankin Wales, don tallafa wa ma'aikatan haƙar kwal masu yajin aiki suka yi shi.

Malamar tarihi: Baba, wannan jerin na karɓe shi, kuma zan ƙara maka da wanda ka manta: kaset ɗin bogi da suka harhaɗa da muryoyin Thatcher da shugaban Amurka Reagan, wanda ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗora wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, kafin jaridar Observer ta gano a farkon 1984 cewa aikin Crass ne. Amma cin gashin kan yana da nasa tsadar. Sun shafe kusan shekara suna gyaran Christ – The Album, kafin ya fito a 1982 yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina ya fara ya ƙare, kundin ya iso kamar labarin da ya kwana. Su da kansu suka ji zafin haka, shi ya sa suka koma fitar da gajerun faifai cikin gaggawa, kuma kundin 1983, Yes Sir, I Will, ya zama doguwar huɗuba a kan hayaniyar gita wadda ko masoyansu da yawa suka kasa zama su ji har ƙarshe.

Mai shagon kaset: To nan ne tambayata take, Alhaji. Lambobin da ke jikin faifansu ƙidaya ce zuwa 1984, kamar 521984 da ke kan wanda kake riƙe da shi, wato tun farko sun yanke wa kansu ranar tashi. Ka duba mana faifan nan naka, ɓangarori uku na ɗakin ɗauka da na huɗun da aka ɗauka a wurin wasa, ka faɗa mana tsakaninka da Allah: yaushe rabon da ka ɗora shi a kan garmaho ka saurara, ba warware jakar kawai ka nuna wa baƙi ba?