Wace kalma za a sa a madadin "odit"? Ina da darasi ranar Lahadi

'Yar Mai Wurno: Salamu alaikum. Lahadi zan koyar da ungozomomin ƙauyukan Sinnar a nan Sudan, tsofaffin cikinsu kuwa Hausa suka fi ji. "Gaidlain" na ce ƙa'idojin aiki, ya zauna. "Odit" ne ya tsaya mini a wuya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da jariri ya faɗo a yi wa uwar allurar oksitosin yunit 10, don tare zubar jini. Odit ɗin shi ne bayan wata uku a ɗauko katunan haihuwa ana ƙirgawa: nawa aka yi wa, nawa aka tsallake, me ya hana. In maganin ne zafi ya lalata don firji ba wuta, a gyara, a sake ƙirgawa. Me sunan wannan?

Na Gadarif: Bincike mana.

'Yar Mai Wurno: Yaya, na gwada. Wata inna ta ja mayafi ta ce ita ba ta kashe kowa ba. Ko a bitar mutuwar masu haihuwa, sharaɗin shi ne ba kama suna, ba ɗora laifi. In sun tsorata, cike kati za su yi da ƙarya.

Malam Bakano: Tankaɗe da rairaya! Na daɗe ina cewa haka.

Uwar Biyu: Malam, wa za a rairaye, ungozomar? Mu a Madani muraja'a muke cewa, kowa ya gane.

Malam Bakano: Matsalarku ke nan. Kun cika Hausa da Larabci har ta fita hayyacinta.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta Malam, allura ma daga Larabci take. Asibiti da likita kuma Bature ya bar muku. Kakanninmu sun taso zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi a 1903, har yau da Hausa muke yi wa jikoki faɗa.

Malam Bakano: Ban ce kun yar da ita ba.

Na Gadarif: Baiwar Allah tana jira fa. Waiwayen aiki?

'Yar Mai Wurno: Waiwaye ya yi laushi, ba ƙirga a cikinsa. Bitar aiki zan sa, in ce wato muraja'a, in kawo misalin mai ciki mai jijjiga da ba a ba maganinta, magnesiyam salfet, a kan lokaci ba.

Malam Bakano: Bita ta 'yan makaranta ce. Amma je ki. Tankaɗen dai ki ambata ko sau ɗaya.