Mai kamfanin shinkafa yana so ya riƙa biyana duk wata in keɓe masa inji. In karɓa?

MaiInjinDakata:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a harkar ƙarfe.

Ina da shago a Dakata, Kano. Injin sassaƙar ƙarfe biyu ne, babba da ƙarami, sai na huda da na walda. Ni da yara uku. Yawancin aikinmu na masu injin niƙa ne da masu markaɗe da masu injin ban ruwa: shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa cikin inji) ya lanƙwashe, gidan boris ya cinye, fuli ya buɗe, a kawo mu gyara ko mu sassaƙa sabo.

Akwai wani Alhaji mai casar shinkafa a hanyar Kura da muke yi wa aiki jefi-jefi. Makon jiya ya zo da kansa, ya ce ya gaji da bin layi. Ranar da shaf ɗin injinsa ya karye ya tarar na ɗaura aikin wani, dole injinsa ya kwana a tsaye, ga motocin shanshera a ƙofa, ga leburori suna zaune yana biya. Yanzu so yake ya riƙa ba ni naira 400,000 duk wata, ko ya kawo aiki ko bai kawo ba, ni kuma duk sa'ad da ya kira in sauke abin da ke kan babban inji in ɗaura nasa.

Kuɗin ya ja hankalina, domin zai ɗauke mini haya da sallamar yara. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. In wata ya wuce bai kawo komai ba, kuɗin ya halatta gare ni? In kuma ya jibgo aikin da ya fi ƙarfin kuɗin fa? Sannan waɗanda suka riƙe ni tun ina da inji ɗaya, me zan ce musu?

TsohonKakuri:

Wa alaikumus salam, ɗana. Karɓa, amma ba yadda ya faɗa ba.

"Duk sa'ad da na kira" ba ciniki ba ne. Wanda ya amsa wannan ya sayar da shagonsa kaf a kan kuɗin kwana kaɗan. Ka zauna ka fitar da abin da awa ɗaya ke ci a kan babban injinka: wuta ko man janareta, bakin yanka da ke dakushewa, man inji, rabon haya, hannun yaro, sannan ladanka. Bari mu ɗauka ya kama 10,000. To kuɗin Alhaji awa 40 ya saya a wata, ba ƙari. Abin da ya haura nan, sabon lissafi ne, kuma ku yanke farashinsa tun yau, kada ku bari sai ranar da injinsa ke tsaye kowa ransa a ɓace.

Ƙarfe kuma nasa ne. Ko ya saya ya kawo, ko ka je Ƙofar Ruwa ka sayo a farashin ranar ka nuna masa rasit. Kada ka kuskura ka cusa kuɗin ƙarfe cikin na wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira, wa ya isa ya ce ga yadda za a sayar da sandar ƙarfe nan da wata uku? Haka wuta: a Afrilun 2024 aka ɗaga ta rukunin Band A (waɗanda aka fi ba wuta) zuwa naira 225 kan kowane yunit a tashi ɗaya. Saboda haka ko kuɗin watan ma ku rubuta cewa za a sake zama a kansa duk wata uku.

Awannin da bai ci ba su mutu da watan. Na san zai yi gardama a nan. In ka yarda suna taruwa, zai yi shiru da damina, kaka na yi shinkafa ta cika kasuwa ya zo maka da bashin awa ɗari da wani abu, daidai lokacin da masu ban ruwan Kadawa ke shirin rani suna neman ka. In ya matsa, ka bar masa rabin abin da ya rage ya tsallaka wata ɗaya kawai.

Sai maganar mutanenka na da, wadda ita ce ta fi damuna. Mu nan Kakuri ta Kaduna mun ga shagunan da suka kwanta a jikin masaƙu, suka daina kallon ƙananan masu kawo aiki. Da masaƙun suka yi ta rufewa a shekarun 2000, aka wayi gari ga inji lafiya lau, ba mai sallama. Mai markaɗen da ka kora yau ba zai zauna jiranka ba. Ƙaramin injin nan ka bar musu shi, kada yarjejeniyar ta taɓa shi ko da wasa.

AkawunSharada:

Ni daga ɗaya ɓangaren nake, ina riƙe da lissafi a wani kamfanin robobi, kuma muna da irin wannan tsari da wani maigida mai shagon sassaƙar ƙarfe.

Malam, ka daina jin kunyar watan da ba a kawo aiki ba. Watan da ba mu kira shi ba, shi ne watan da muka fi farin ciki, domin injinmu bai tsaya ba ke nan. Abin da muke biya shi ne mu san in ya tsaya, akwai wanda zai bar komai ya dube mu.

Amma ka rubuta awa nawa tsakanin kira da fara aiki. Namu awa huɗu ne da rana, na dare da ranar Juma'a da ƙarin kuɗi. Wannan zai ba ka damar ƙarasa abin da ka riga ka ɗaura, don kai ka fi ni sanin ɓarnar sauke aiki a tsakiya. Kuma a biya ka a farkon wata. Mu akawu mun san yadda takarda ke kwana a teburi. A sa cewa in kuɗi bai shigo ba zuwa ranar bakwai ga wata, Alhaji ya koma bin layi kamar kowa har sai ya biya.

Wani abu da namu yake yi da ya burge ni: yana da littafi da ya auna duk ƙarafan da suka saba cinyewa a injinmu. In yana da sauran awa a ƙarshen wata, sai ya sassaƙa su ya ajiye. Ran da abu ya lalace, ɗauka kawai ake zuwa yi.

ƊalibinZaure:

Kan halacci, ga abin da muka karanta, kafin ka kai wa malaminka.

Malamai sun raba wanda ake ɗauka aiki gida biyu. Akwai na kowa da kowa, kamar tela ko kai a yanzu, wanda ba ya cancantar lada sai ya yi aikin. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya ɗauka na wani lokaci sananne. Shi wannan, muddin ya ba da kansa a lokacin, ladansa ya tabbata ko da ba a ba shi abin yi ba. A littafin Risala an ce ijara, wato ɗaukar mutum aiki kan lada, ta halatta idan an yanka mata wa'adi, an kuma ambaci kuɗi. Ka ga shawarar Baba TsohonKakuri ta ƙayyade awa ba dabarar kasuwa ce kaɗai ba, ita ce ke fitar da cinikin daga duhu. Sharaɗin shi ne ka cika naka: in ya kira cikin awanninsa ka ce kana Wudil biki, ka ci haƙƙinsa.

Ka kuma tuna a mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa a shago. In shaf ɗin Alhaji ya ɓata ko ya lalace a hannunka, kuɗin wata ba ya ɗauke maka wannan. Ku rubuta, ku sa shaidu biyu.

MaiInjinDakata:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na zauna da biro jiya da dare. In da wuta, awa ɗaya ba ta kai abin da ka ɗauka ba, amma a kan janareta ta wuce. Zan kai masa farashi biyu, in ce mu gwada na wata uku, kowa na da ikon janyewa in ya sanar wata guda kafin nan.

Hajiya AkawunSharada, tambaya ɗaya ta rage. Ƙarafan da maigidan naku yake sassaƙawa ya ajiye, a shagonsa suke zama ko a sitonku? Kuma in an rabu, na wane ne?