Dan Allah wa ya san gwajin CRP? Nawa ya hau, hankalina ya tashi

Uwar gida 46:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita shekara uku kafin ta rasu, tun daga nan nake tsoron abin. Satin da ya wuce na je aka ɗibi jinina, kolesterol ɗin, wato kitsen jini, likita ya ce ba laifi sosai, amma akwai wani CRP da aka rubuta 14 aka zagaye shi da jan biro, ƙanwata ta duba a waya ta ce wai alamar ciwon zuciya ce. Wallahi kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ga shi ma ban daɗe da tashi daga maleriya ba.

Ɗan lab:
Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya jiƙan Mama. Ai maganarki ta ƙarshe ita ce amsar. CRP hanta ce ke fitar da shi duk lokacin da akwai kumburi a jiki, maleriya, taifod, ƙurji, ko haƙori ne ya ruɓe sai ya hau, to wanda aka auna kina fama da zazzaɓi ba ya faɗin komai a kan zuciya. Ki bari ki warke sarai kamar sati biyu zuwa uku ki sake, kuma ki ce hs-CRP kike so, shi ne mai kama ɗan ƙaramin kumburin da ke cin jijiyoyin jini a ɓoye. Ƙasa da 1 lafiya lau, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 shi ne ake sa ido. In ya wuce 10 mu kanmu cewa muke a maimaita.

Malama Nas:
Gaskiya ne. Amma kar a raina gwajin fa. A 2024 likitocin Boston a Amurka, su Paul Ridker, sun fitar da bincike a kan mata kusan 28,000 da aka bi su shekara 30 bayan an ɗibi jininsu sau ɗaya tak. Abu uku aka duba, hs-CRP, da LDL wato mugun kolesterol ɗin, da Lp(a), shi ma wani nau'in kitsen jini ne. Matan da CRP ɗinsu ya fi hawa haɗarinsu na kamuwa da ciwon zuciya ko shanyewar jiki ya ƙaru da kashi 70 cikin ɗari, masu LDL kashi 36, masu Lp(a) kashi 33, waɗanda duka ukun suka hau musu kuwa haɗarin shanyewar jiki ya ninka fiye da sau uku. Abin da ya ba ni mamaki kumburin ma ya fi kitsen nuna abin da ke tafe. Shi Lp(a) gado ne, ba ruwan shi da man ja ko kilishin da kika ci, sau ɗaya ake auna shi a rayuwa, kuma mu baƙar fata namu ya fi yawa. Tunda akwai tarihin Mama ki tambayi likitanki, sai dai ba kowane lab ke yin shi ba.

Baba na Sabon Gari:
Ni dai tambaya ɗaya, yaushe rabonki da awon BP? Duk waɗannan gwaje-gwajen kuɗi ne, alhali a nan ƙasar hawan jini ne ya fi kayar da mutane, awonsa kuma ko a kemis minti biyu ne. Yayana haka ya yi ta shan tafarnuwa da zoɓo ya ajiye ƙwayoyinsa wai ya ji sauƙi, da asuba wajen alwala buta ta faɗi daga hannunsa, bakin ya karkace.

Uwar gida 46:
Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya Baba. Ranar an auna, 150 bisa 95, na ɗauka gajiyar hanya ce shi ya sa ban ma kawo shi ba.

Malama Nas:
Haba Hajiya, ai wannan ya fi 14 ɗin damuna. Ki auna safe da yamma kwana uku kina zaune kin huta, ki rubuta a takarda ki kai wa likita, a rage gishiri da maggi tun daga miyar yau.