Wai da gaske itace yana zama dutse?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya turo min hoton wani gungume daga jihar Arizona. Ɓawon na itace sak, amma cikin ja ne da rawaya da shunayya, sai ƙyalli yake kamar tsakiya. Wai dutse ne. Ni dai na ce masa fenti ne. Masana, ya abin yake?

Malamin Kimiyya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba fenti ba ne. Bishiyoyi ne da irinsu ya ƙare, dangin fayin (bishiya mai ganye kamar allura), sun rayu fiye da shekaru miliyan 200 da suka wuce. Ambaliya ta kwashe su, laka da tokar aman dutse suka binne su, iska ba ta isa gare su ba balle su ruɓe. Ruwa mai ɗauke da silika (sinadarin da ke cikin yashi) ya dinga ratsa su sannu a hankali har ƙanƙarar dutse ta maye gurbin itacen. Ja da rawayan nan tsatsar ƙarfe ce, shunayyar kuma wani ma'adini ne, manganis.

Ɗan Kurmi: Ikon Allah! To ya tsinto miki guntu mana.

Malamin Kimiyya: A'a fa. Wurin da suke gandun gwamnati ne, ɗaukar ko ɓarɓashi laifi ne, akwai tara. Sai dai ya saya a shagunan waje.

Uwar Biyu: Ya saya? Wannan marowacin? Hoton ma sai da na roƙa.