Shayin yasmin da aka kawo daga Sin: yana da kafeyin ko fure ne kawai?

Telan Sabon Gari, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa, ba wanda ya ji a fada ba.

Wana yana zuwa Gwanzu sarin kaya. A zuwansa na baya ya kawo wa tsohuwarmu tsarabar wani shayi a gwangwani, ganyen an dunƙule shi ƙwaya-ƙwaya, ƙamshinsa kuwa da an buɗe murfi sai ya cika ɗaki. Ya ce shayin fure ne, wai yasmin, ba shi da ƙarfi, ko yaro zai iya sha. To Inna tana da hawan jini, kuma likita ya ce ta rage shayi da goro saboda bugun zuciya da ke taso mata. Goro dai da ƙyar da jiɓin goshi an rage. Shayin ne ya gagara, don ba ta kwanciya sai ta sha na bayan isha'i. Da wannan ya zo sai muka ce Allah ya kawo sauƙi. Ƙanwata ke dafa mata yadda aka saba: a zuba ganye cikin hannu, a ɗora buta kan gawayi, a sa sukari, a bar shi ya yi ta tafasa.

Yanzu Inna na cewa har kiran assalatu idonta biyu. Wana ya dage wai tsufa ne da zafin gari. Ni dai ban yarda ba. Shin akwai kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, a cikinsa? In akwai, ya kai na shayinmu na fada? Matata ma tana da juna biyu kuma ta fara sha, ta ce ƙamshin na kwantar mata da tashin zuciya.

Ɗan Adar

Wa'alaikumus salam. Ko da akwai ai da sauƙi. Ku zuba ruwan zafi, ku girgiza, ku zubar da ruwan farkon, duk ƙarfin ya tafi ke nan. Haka Shinuwa da kansu ke yi. Allah ya ba Inna lafiya.

Malamin kimiyya, Harobanda, Yamai

Tela, kai ke da gaskiya, kuma ka gaya wa wanka Alhaji a hankali don kada ya ji an raina tsarabarsa. Furen yasmin ba shi da kafeyin, wannan haka yake. Amma abin da ke cikin gwangwanin nan ba fure ba ne, ganyen shayi ne, itace ɗaya da wanda ake yin shayi mai lamba 4011 da 41022 da muke saye a shago. Ƙamshin furen kawai aka ɗora masa.

Ga yadda ake yi. Ana tsinke ganyen shayin tun farkon shekara a busar a ajiye. In lokacin zafi ya yi yasmin ya fara toho, sai a tsinko furen da rana tun bai buɗe ba, domin da dare yake buɗewa ya saki ƙamshi. A daren sai a cakuɗa shi da busasshen ganyen, ganyen ya kwana yana shaƙa, da safe a tankaɗe furen a fitar, a sake busar da ganyen. Mai tsada ana maimaita masa haka da sabon fure har sau bakwai ko fiye. Kamar dai mace ta shanya zane bisa kabbasa: turaren ya kama zanen, amma zanen yana nan zanensa. Birnin Fuzhou na lardin Fujian shi ya yi suna a wannan sana'a, har hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta sa ta cikin kayan gadon noma na duniya a 2014. Yawancin furen kuma yanzu a Hengzhou ake noma shi, a yankin Guangxi.

To sai lissafi. Busasshen ganyen shayi yana ɗauke da kafeyin wajen kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na nauyinsa. Alƙaluman da za ka gani a intanet, cewa kofin koren shayi yana da miligiram 30 ko kusa da haka, baƙin shayi irin Lipton wajen 47, gahawa wajen 95, duk gaskiya ne, amma ba da mu ake ba. Wancan kofin koren shayin na wanda ya sa ganye giram 2 ne cikin ruwan da bai tafasa ba, ya jira minti 2 ko 3 ya tace. Mu kuwa ƙullin giram 25 muke juyewa a buta guda. Ko ka ɗauka kashi 2 ne kawai, miligiram 500 ke nan a cikin butar, kuma dogon tafasa yana fito da mafi yawansa, galibi a na farko. A fada mutum shida ko bakwai ke raba shi. Inna fa? In cikin hannun da ƙanwarka ke zubawa ya kai giram 10, ita kaɗai za ta iya shanye abin da ya doshi miligiram 200, ta kwanta a kai.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta faɗa a 2015 cewa babba mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini, amma ta ƙara da cewa miligiram 100 kaɗai dab da kwanciya yana iya taɓa barcin wasu. Jiki kuma sai ya yi wajen awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha. Ta sha ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 rabinsa yana nan a jininta. Wace tsufa kuma?

Wani abu da ya kamata ka sani: irin dunƙulallen nan da tsiron ganye ake yinsa, kuma tsiro ya fi tsohon ganye kafeyin. Sanyin ɗanɗanonsa ne ke yaudarar baki.

Ɗan Adar, ɗauraya ta ɗan lokaci ƙura take wankewa ta kuma buɗe ganyen. An gwada an gani, abin da ke fita a rabin minti kaɗan ne ƙwarai. Sai ka jiƙa shi minti 5 ko fiye kafin mafi yawa ya fita, lokacin kuma ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa ya bi ruwan.

Ungozoma, Tawa

Ƙanena, maganar uwargida ta fi ɗaukar hankalina. Ba a ce mai ciki ta daina shayi ɗungurungum ba, amma ana so kada ta wuce miligiram 200 a yini, kuma a haɗa lissafin da goro, Nescafé da Coca-Cola in tana taɓawa. Idan ciki ya tsufa jikinta ba ya fitar da kafeyin da wuri, yana iya ninka lokacin da ya saba ɗauka sau biyu ko uku, kuma yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan.

Abin da ya fi damunmu a wurin awo ma ƙarancin jini ne. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci. Sai ka ga mace na shan ƙwayar ƙarin jinin da muka ba ta, tana korawa da shayi, ta dawo awo jinin bai motsa ba. Ta sha ƙwayar da ruwa, ta bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Kofi ɗaya marar kauri da hantsi ba laifi.

Ita kuwa Inna, in bugun zuciyar ya ƙaru tun da ta fara shan wannan, ku maida ta wurin likita da gwangwanin a hannu, kada ku jira ranar da aka rubuta mata.

Mai shayin bakin tasha

Malam ya gama magana, ni nawa na sana'a ne. Wannan shayin ba na tafasawa ba ne, ɓata shi kuke yi. Ruwa ya tafasa, a sauke, a bar shi ya ɗan huce, a jefa ƙwaya biyar ko shida a kofi, a rufe kaɗan, a sha. Ganyen nan zai ba ku ruwa na biyu da na uku. Ku maida mata shi na safe.

Na dare kuwa, tsohuwa ba kafeyin take nema ba, abu mai zafi da zaƙi take so a hannunta bayan sallah. Ku dafa mata na'ana'a zalla da ƴar citta, ko sitironel. Ga geza ma da ta cika dajin Adar, amma tunda tana shan maganin hawan jini a tambayi likita tukuna. Kuma a buta a dafa, a zuba a ƙaramin kofin da ta saba, har da kumfa, in ba haka ba za ta ce an raina ta.

Telan Sabon Gari, Tawa

Allah ya saka da alheri. Malam, na ga fararen furanni jefi-jefi a cikin gwangwanin. Ba zai yiwu namu na fure zalla ba ne?

Malamin kimiyya, Harobanda, Yamai

Akwai na fure zalla, shi ba shi da kafeyin, amma fari ne ko rawaya-rawaya duka, ba ganye ko ɗaya. Furen da kake gani ado ne da wasu kamfanoni ke barbaɗawa. Jefa ƙwaya ɗaya a ruwan zafi ka duba. In ta warware ta zama koren ganye, shayi ne.