Muhawara: Shin dole ne makaranta ta san jinotaif ɗin yaro?

Hedimasta, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina wannan fom ɗin lafiya da makarantun Jos ke tilasta wa iyaye cikewa lokacin ɗaukar yara, haɗe da gwajin jinotaif (wanda ke nuna ko yaro ya gaji sikila) da rukunin jini, ba shi da amfani. Uba ya biya kuɗin gwaji, fom ya shige kabad, ƙura ta lulluɓe shi har yaro ya gama makaranta. Ga tona asiri: da an ji yaro mai sikila ne sai a riƙa nuna shi da baki, wata makarantar ma ta ƙi karɓarsa. A bar wa iyaye da asibiti wannan aikin.

Sista, Bukuru: Wa alaikumus salam, Malam. Fom ɗin da ke kwance a kabad ba ya ceton kowa, wannan na yarda. Amma laifin masu ajiyar ne. Manufar lafiyar makarantu ta ƙasa ta 2006 ta tanadi a duba yaro idan zai shiga makaranta, a kuma buɗe masa fayil. Dubi garin nan a Disamba da Janairu: ƙarfe bakwai da rabi yara na tsaye a fili ana asambule, hunturu na kaɗawa, wani da 'yar riga shara-shara yana kyarma. Sanyi da ƙishirwa da gudu mai tsanani su ne ke tayar da ciwon sikila. Malamin da ya san yaro SS ne, wato mai sikila, zai bar shi da rigar sanyinsa ko da ba kalar yunifom ba ce, ya bar masa gorar ruwa a kan benci, ba zai hana shi zuwa bayi ba, ba zai sa shi tsallen kwaɗo ba. Kuma in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ba a ba shi farasitamol a ce ya kwanta zuwa tashi. Asibiti ake nufa nan take, domin saifarsa ba ta iya tare ƙwayoyin cuta kamar ta sauran yara. Haka in ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko bakinsa ya karkace.

Mai gwajin jini, Faringada: Sista, ina bayanki, sai dai akwai gyara. Takardar ƙarya ta fi rashin takarda haɗari. Wasu wuraren gwajin sikilin kawai suke yi, a ɗiga magani a jini a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Wannan ba ya raba AS, wato wanda ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, da SS. Wanda ke rabawa shi ne ilektiroforesis, gwajin da ake yi da na'ura mai lantarki, shi ma sai an jera samfuran da aka riga aka san su a gefe don kwatance. In an ƙara wa yaro jini cikin wata uku da suka wuce, SS na iya fitowa kamar AS. Don haka kada makaranta ta karɓi "AA" da uba ya rubuta da biro. Takardar ɗakin gwaji mai hatimi da kwanan wata ake so.

Likitan yara: Malam Hedimasta yana da gaskiya a kan abu ɗaya, rukunin jini. Babu asibitin kirki da zai ƙara wa yaro jini bisa abin da aka rubuta a fom ɗin makaranta, sai an sake gwadawa an auna da jinin da za a sa masa. Wannan kuɗin a bar wa iyaye abinsu. Abin da na fi so in gani a fayil ba ya cin ko kwabo: nauyin yaro a farkon kowane zango, maganin da jikinsa ba ya so, irin su Septrin da Fansidar da fanisilin, ko yana da asma ko farfaɗiya, sai lambar waya biyu da ake ɗauka. Nauyi shi ne ma'aunin magani. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, awa shida-shida. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya biyu ne a kowane sha ga mai kilo 15 zuwa 24, uku ga mai 25 zuwa 34. Shekaru ba sa nuna wannan, 'yan aji ɗaya kan bambanta da kilo goma.

Hedimasta, Tudun Wada: To ranka ya daɗe, wa zai ba da maganin? Makarantu nawa ke da nas? Malamin aji zai koma likita, ranar da aka samu matsala kuma wuyan hedimasta za a kama.

Sista, Bukuru: A'a Malam, malami ba ya rubuta magani, kuma ba a ba da na cizon sauro sai gwaji ya nuna. Abin da ake so ya iya kaɗan ne. Mai farfaɗiya in ya faɗi, a janye benci, a sa masa tsumma a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura manja ko ruwa. A duba agogo, in ta wuce minti biyar a nemi mota. Mai asma kuwa Ventolin ɗinsa, maganin da yake shaƙa, ya zauna a jakarsa, kada a kulle shi a ofishin da mai makullin ya tafi kasuwa. Duk abin da aka yi a rubuta a littafi: lokaci, zafin jiki, wa aka kira.

Jami'ar ajiyar bayanan lafiya: Maganar asiri ita ce ta fi nauyi a ƙorafin Malam, kuma ba a amsa ta ba. Fom ɗin a cike shi bayan an ba yaro gurbi, kada ya zama sharaɗin ɗauka. Dokar hana tsangwamar masu cutar HIV ta 2014 ta haramta a sa gwajinta ya zama sharaɗi, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, na yaro kuma sai da amincewar iyaye. A raba takarda biyu. Cikakken fayil a kulle, mutum biyu kawai ke da makulli. Malamin aji da na wasanni a ba su ɗan kati mai layi huɗu: abin da za a kiyaye, alamar haɗari, abin yi, lambar waya. Ba a manna suna a bangon ofishin malamai, ba a tura hoton fom a WhatsApp. Mai AS lafiyayye ne, ba ya buƙatar kati.

Hedimasta, Tudun Wada: Hajiya, in bayan ɗauka ne na sassauto. Amma har yanzu ban yarda a tilasta wa mai 'ya'ya shida kuɗin gwaji a kowace shekara ba.

Mai gwajin jini, Faringada: Ai jinotaif ba ya canzawa, Malam. In an yi shi daidai sau ɗaya ya wadatar, kwafin takardar ya bi yaro daga firamare zuwa sakandare.

Sista, Bukuru: A haɗa da kwafin katin rigakafi. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a 2023, yaran da ba su cika allurar rigakafin Penta uku ba su ya fi kamawa. Da katin a fayil, ranar da aka samu mai ciwon maƙogwaro da kumburin wuya a aji, cikin minti goma an san waɗanda za a fara kai wa asibitin unguwa.